Bimbinin Safiya: 'Yar Rigar Sama'ila

Karatun yau: 1 Sama'ila 2:12-21 da Zabura 139:13-16

Tsakiyar sura ta biyu ta littafin Sama'ila na fari wuri ne mai ɓata rai. A Shilo, inda akwatin alkawari yake, 'ya'yan Eli firist, Hofni da Finehas, sun mai da wurin sujada wurin cin ganima. Mutum ya taso daga garinsu da dabbar hadaya, nama yana kan wuta, sai baran firist ya zo da cokali mai yatsu uku ya caka cikin tukunya, duk abin da ya biyo cokalin ya zama nasu. Wani lokaci ma ɗanye suke ƙwacewa tun ba a ƙone kitsen ba. Tsohon yana tsawata musu da baki, su kuwa sun yi kunnen ƙashi.

A tsakiyar wannan ɓarna ne marubucin ya dakata, ya ba mu labarin riga a aya ɗaya tak. Akwai wani ƙaramin yaro, Sama'ila, da ke hidima a gaban Eli. Duk shekara idan lokacin hadaya ya zagayo, mahaifiyarsa Hannatu takan taho tare da mijinta Elkana, ba ta kuwa zuwa hannu rabbana. Akwai 'yar riga a ƙunshinta, wadda ta yi da hannunta.

Mun san Hannatu da kuka da addu'a. Mun san yadda kishiyarta Feninna ta hana ta sakat a kan rashin haihuwa, da yadda Eli ya ga leɓunanta suna motsi ya zaci ta sha ta bugu, da wa'adin da ta yi, da ranar da ta yaye yaron ta kai shi ta bari. A nan yawancin wa'azinmu yake tsayawa. Amma bayan wannan rana akwai shekarun da ta yi tana uwa ga yaron da ba ya kwana a ɗakinta, kuma rigar nan ita ce shaidar shekarun.

Duk wadda ta taɓa riƙe zare da niyyar yi wa yaro sutura za ta gane nauyin da ke kan Hannatu. Yaron yana Shilo, ita tana Rama. Ba shi a gabanta balle ta auna. Abin da ke hannunta shi ne yaron bara da ta adana a zuciya: inda kansa ya kai mata sa'ad da ta rungume shi, faɗin kafaɗarsa a tafin hannunta, inda rigar bara ta tsaya masa a ƙafa. Daga nan sai lissafi. A shekara guda, nawa zai ƙaru? Idan ta yi daidai da yaron da ta bari, rigar ba za ta shiga ba. Idan ta zarce, zai riƙa taka bakinta a gaban bagade. Dole ta yi wa yaron da ba ta gani ba tukuna, wato Sama'ilan bana, ta kuma bar wa Sama'ilan watanni masu zuwa wurin da zai miƙe a ciki.

Aikin Hannatu na mazari ne da masaƙa da allurar ɗinki. Saƙa da allura biyu irin wadda muke yi da ulu ta zo ne daga baya da nisa. Mafi daɗewar kayan da aka samu na irinta safuna ne na auduga daga Masar, daga wajen ƙarni na 11. Amma tambayar da ke gaban mai yi wa yaro riga ba ta canja ba tun zamaninta, kuma wannan tambayar nake so mu kwana a kanta a safiyar nan. 'Yan'uwa maza, ku ma ku zauna, domin a ƙasar Hausa maza ne suka fi zama a bakin masaƙa tun kaka da kakanni, kuma maganar ta iyaye ce duka.

Akwai bambanci tsakanin mai bin tsarin da wani ya rubuta da mai ƙirƙiro nata. Ta farko tana ƙirga abin da aka ce ta ƙirga. Ta biyu sai ta fara sanin yaron. Ku duba abin da take fama da shi. Jariri yakan zo duniya da nauyin kilo 3 ko sama kaɗan, tsawonsa wajen santimita 50, kewayen kansa wajen santimita 35. Kan nan kusan kashi ɗaya ne cikin huɗu na tsawonsa duka, wuya kuwa ɗan gajere. Saboda haka ba a ɗaukar rigar babba a rage ta a ce ta zama ta jariri. Wuyan da ya dace da ƙirjinsa ba zai wuce kansa ba, kuma babu abin da ke sa jariri tsala ihu kamar a tura masa kai cikin matsattsen wuya. Mai tsari takan buɗe rigar a kafaɗa ta sa maɓalli biyu ko uku. A kafaɗa, domin yaronmu na goyo ne, ƙirjinsa yana manne da bayan uwarsa, majanyi ya ɗaure shi tamau, maɓallin da ke gaba zai yi ta cin fatarsa har a sauke shi. Na baya kuma zai dame shi idan an kwantar da shi. Littattafan saƙa da ake kawowa daga Turai yawanci an rubuta su ne domin yaran da ake turawa a keken jarirai, shi ya sa wadda ta san goyo take da abin da za ta gyara a cikinsu.

Haka take bi gaɓa-gaɓa. Ƙugun wando kada ya danne cibiya tun ba ta warke ba. Ɗinki ya yi kaɗan, wanda ya zama dole kuma ya kwanta, kada ya goge fata. Ba a sa igiya a wuya. Ba a sa ɗan dutsen ado ko ƙaramin maɓallin da zai cire ya tafi baki. Ado mai manyan huji yana da kyau a ido, amma ɗan yatsa yana shiga ya maƙale. Cikin safa kuwa sai an juya an duba, domin silin zare guda da aka bari yana lilo yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya tsare jini, yaro yana ta kuka an rasa dalili. Sai zaɓen zare. Abin da muke kira ulu a kasuwa, yawancinsa na roba ne, yana jure wanki, wannan kuwa ba ƙaramin abu ba ne ga rigar da za ta sha tumbuɗi safe da yamma. Sai dai yana riƙe zafi. A Jos, da ke kan tudu mai tsayin wajen mita 1,200, ko a Gembu kan tsaunin Mambila, rigar sanyi da hula da safa rahama ce a Disamba da Janairu. Amma a ɗauki irin wannan kaya a jibga wa jariri a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi cikin Afrilu don a yi hoton suna, wannan azabtarwa ce, ƙurajen zafi ne ladanta. Can zaren auduga ya kamata, saƙa mai sakwa-sakwa, ko ma a haƙura sai hunturu.

A zumuntar matanmu akwai wata dattijuwa da ba ta amfani da tef ɗin awo. Idan an kawo mata jariri, sai ta karɓe shi a cinya, ta yi masa wasa har ya saki jiki, sannan ta tsinko zare ta kewaya kansa a hankali ta saman kunne, ta ƙulla. Ta kewaya ƙirji ta ƙulla. Daga kafaɗa zuwa wuyan hannu ta ƙulla. Zaren nan mai ƙulli uku shi ne littafinta. Wata rana wata matashiya ta ce mata, "Mama, ai ga na ɗan maƙwabciyata da kika yi wancan watan, ki yi mini irinsa kawai, sa'anni ne." Ta ce, "'Yata, kawo shi dai in gani. Ranar haihuwarsu ce ɗaya, kansu ba ɗaya ba ne."

Bayan awo sai gwaji, aikin da masu gaggawa suke tsallakewa. Kafin a fara riga, ana saƙa ɗan ƙyalle mai faɗin tafin hannu da zaren da allurar da za a yi aikin da su, a wanke shi, ya bushe, a shimfiɗa, a ƙirga idanun saƙa nawa ne suka cika santimita 10. A ce 22 ne, kamar yadda matsakaicin zare yakan bayar a allura mai kaurin milimita 4. Hular kai mai santimita 35 ana yin ta wajen 32 domin ta kama, tunda saƙa tana miƙewa. Lissafi ya ba da ido 70 da ɗoriya, sai mai tsari ta mai da shi 72, don ya rabu gida takwas, tara-tara, ta riƙa ragewa a wurare takwas har tsakiyar kai ta rufe sumul. Riga mai kewayen santimita 45 tana son ido 100 ko kusa da haka. To, a ce wata ta ari wannan lissafi, ita kuwa hannunta ya fi sakewa, idanunta 20 ne a santimita 10. Idon nan 100 zai ba ta riga mai santimita 50. Bambancin ido biyu ya haifi santimita 5. Ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Zare ɗaya, allura ɗaya, lissafi ɗaya, amma hannu ya bambanta, shi ya sa kowace mai saƙa sai ta san nata hannun.

Yanzu mu juya ga karatunmu na biyu. A Zabura 139 Dawuda ya waiwayi watannin da ya yi a cikin mahaifiyarsa, ya ga aikin hannu ne, irin na mai haɗa zare da zare a ɓoye inda ba wanda ke kallo. Ya ga cewa Mai aikin ya san shi tun bai zama komai ba. Mu da muke zamanin na'urar ɗaukar hoton ciki mun ga kaɗan daga abin da ya sa shi mamaki. Zuciyar ɗan tayi tana fara bugawa tun cikin makonnin farko, sau da yawa uwar ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. Zanen da ke kan yatsu yana fitowa tun a ciki, kuma ko tagwaye masu kama ɗaya, kowa da nasa. Allah bai taɓa ɗauko tsarin wani ya sake bugawa ba. Kowane ɗa da aka haifa a unguwarku a wannan mako, sabon tsari ne da ba a taɓa yi ba.

Abin da ya fi taɓa ni shi ne maɗiga. Ki ɗora yatsa a hankali a tsakiyar kan jariri, za ki ji wuri mai laushi yana bugawa. Ƙasusuwan kansa ba su haɗe ba. An bar su haka domin kan ya iya matsewa ya bi hanyar haihuwa, kuma domin ƙwaƙwalwa ta sami wurin girma, ita da takan kusan ninka girmanta a shekarar farko. Kan da ya zo da santimita 35 yakan kai wajen 46 kafin shekara ta zagayo. Sai tsakanin shekara ɗaya da biyu maɗigar take rufewa, bayan ta gama aikinta. Mahalicci da kansa ya bar wa yaro wurin girma. Abin da Hannatu take yi a Rama da zare, ta tarar Ubangiji ya riga ya yi shi da ƙashi.

Mu kuwa iyaye, sau da yawa da tsarin aro muke zuwa wa 'ya'yanmu. "Me ya sa ba za ka zama kamar yayanka ba?" "Dubi 'yar gidan wane, ta ci jarrabawa zama ɗaya, ke kina nan." Yaron da hannunsa ya faɗa kan gyaran inji, an rantse sai ya zama likita, domin uba ya so likitanci bai samu ba. Yarinya mai jinkirin magana ana kiranta da sunayen da za su bi ta har gidan miji. Bahago, wanda ake samun irinsa wajen mutum ɗaya cikin goma, yana shan bulala a kan alƙalami. Muna tura kan yaro cikin wuyan rigar da aka yi wa wani, idan ya yi kuka mu ce taurin kai ne. Akwai kuma iyayen da suka tsaya a kan awon bara. Ɗa ya kai shekara 17, ana yi masa magana kamar mai 7. Ba a tambayarsa ra'ayi, ba a ba shi amanar komai, sannan a yi mamaki da ya fara ɓoye al'amuransa. Rigar ta matse shi tuntuni, ba wanda ya lura.

Kada wani ya ji wannan ya ɗauka ana cewa a saki yaro ya yi abin da ya ga dama. Surar da muka karanta ba ta bar mana wannan ƙofa ba. Hukuncin da ya sauko wa gidan Eli ya zo ne domin ya san abin da 'ya'yansa suke yi bai hana su ba. Duk mai saƙa ta san rigar da ba a rufe bakinta da kyau ba, daga zare ɗaya take fara warwarewa. Gaskiya ne icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Dole a ce wa yaro a'a, dole ya san ƙarya ƙarya ce, sata sata ce, ya san girman na gaba, ya san hanyar majami'a. Waɗannan ba sa canjawa daga yaro zuwa yaro, kamar yadda kowace riga take da wuya da hannu biyu. Abin da ke canjawa shi ne awo: yadda za a yi wa wannan magana ya ji, lokacin da wancan zai iya ɗaukar wannan nauyi, baiwar da aka sa a cikin wannan da babu a wancan. Wani yaro kallo ɗaya ya ishe shi, wani sai an zauna da shi an yi ta bayani. Sanin wannan ba ya zuwa sai an ɗauki yaron a cinya, an ba shi lokaci, an saurare shi. A gida ɗaya, a shekaru ɗaya, Eli ya sake har kaya suka zube, Hannatu kuwa tana daga nesa tana auna nata shekara-shekara. Sama'ila ne ya tashi ya zama annabin da Isra'ila duka ta sani, daga Dan har Biyasheba.

Idan uwa ko uba ya ji a ransa cewa ya daɗe yana yi wa ɗansa aiki da awon da ba nasa ba, akwai hanya. Mai saƙa idan ta gano ta kauce tun layi ashirin da suka wuce, takan zare allura ta warware, ta naɗe zaren, ta sake hawa. Da zafi, amma zaren bai lalace ba. Uba yana iya kiran ɗansa ya ce, "Ɗana, na matsa maka a kan abin da ba naka ba, zo ka faɗa mini abin da ke ranka." Wannan ba ya rage masa girma ko kaɗan. Ubanmu na sama ma haka yake haƙuri da mu. Bai ɗora wa sabon tuba nauyin dattijon ikilisiya ba. Ya san inda kowannenmu ya kai, yana kuma ganin inda za mu kai, yana yi mana tanadi daidai da haka.

Wani lokaci kuma aikin yana tafiya daidai, ido ne bai gane ba. A 1968 wata mai saƙa haifaffiyar Ingila da ta zauna a Amurka, Elizabeth Zimmermann, ta fitar da tsarin wata rigar jarirai da har yau ake saƙa ta a ƙasashe da yawa. Ana yin ta ne gaba ɗaya a ƙyalle guda. Tana kan allura ba ta kama da komai, wani abu ne mai lanƙwashe-lanƙwashe, ba a gane hannu, ba a gane wuya. Sai an gama an ninke ta yadda mai tsarin ta nufa, a yi ɗinki biyu ta saman hannuwa, riga ta fito cif. Akwai iyaye da ke karanta wannan da yaron da a yau ba su gane inda ya dosa ba. Ku ci gaba da addu'a, ku ci gaba da aikinku a kansa. Mai tsarin yana nan, ya kuma san inda za a ninke.

Ina da magana ta musamman ga masu wannan sana'a. Kada ki raina abin da ke hannunki. Sa'ad da za a yi alfarwar sujada a jeji, littafin Fitowa ya ba da labarin Bezalel na kabilar Yahuza da Oholiyab na kabilar Dan, waɗanda Allah ya cika da gwaninta don su ƙirƙiro zane-zane su kuma aikata su, har da aikin zare da saƙa. Ya kuma ambaci matan da suka kaɗa zare shuɗi da shunayya da ja da lilin da gashin awaki da hannuwansu. Ƙirƙira baiwa ce daga wurinsa. Wannan dabarar da ta zo miki da dare ta yadda za ki yi hular da ke rufe kunne ba tare da igiya ba, ko wandon da gwiwarsa take da kauri biyu saboda mai rarrafe, ko rigar da aka saƙa daga wuya zuwa ƙasa don a iya warware bakinta a ƙara mata tsawo baɗi, ki gode wa wanda ya ba ki. Littafin ya kuma ce an ba mutanen nan biyu iyawar koya wa waɗansu. Saboda haka ki sami littafin rubutu ki rubuta tsarinki: irin zare, kaurin allura, idanu nawa a santimita 10, inda aka ƙara, inda aka rage, na wata nawa ne. Ki ba wata ta gwada, ki ga ko ta gane. Gwanaye da yawa sun tafi da iliminsu kabari domin yana kansu ne kawai. Idan kuma tsarin wata kika ɗauka, ki faɗi sunanta, kada ki ce naki ne. Gaskiya a ƙaramin abu irin wannan ma sujada ce.

Na san akwai abin da ke sa gwiwa ta yi sanyi. A yi kwanaki ana saƙa, ido ya gaji, wuya ya ƙage, yaro ya sa wata biyu ko uku ta yi masa kaɗan, tunda nauyinsa yakan ninka kafin ya cika wata shida. Shi kansa ba zai tuna ba, ba zai ce an gode ba. Hannatu ma duk rigar da ta kai, ta san baɗi ba za ta shiga ba. Ba ta ɗauki wannan asara ba, domin rigar da ta yi kaɗan albishir ce cewa yaro yana girma. Yawancin hidimar da ake yi wa ƙanana haka take: abincin da aka dafa aka cinye, wankin da gobe za a sake, labarin da aka ba su a makarantar Lahadi suka manta kafin a tashi. Ba a banza suke tafiya ba, jikin yaron da halinsa suke zama. Allah kuwa ya ga dama ya sa rigar wata mace daga Rama a cikin Littafinsa, a shafi ɗaya da labarin faɗuwar gidan babban firist.

Ke kuma 'yar'uwa da kike saƙa wa 'ya'yan waɗansu, naki ɗakin shiru, kina kai kaya gidan suna da murmushi ki dawo ki yi kuka, Ubangiji yana ganinki. Hannatu ta yi shekaru a wannan wuri kafin Sama'ila, daga baya aka ƙara mata maza uku da mata biyu. Ba ni da ikon yi miki alkawarin cewa taki hanyar za ta zama irin tata. Abin da na tabbata shi ne hawayenki da aikin hannunki duka suna gabansa. Ki tuna da Dokas ta Yafa a littafin Ayyukan Manzanni. Da ta rasu aka kira Bitrus daga Lidda, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, abin da suka nuna masa shi ne tufafin da ta yi tun tana tare da su. Da su aka shaide ta.

Akwai kuma waɗanda suka fi kowa bukatar hannunku. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 an haifi jarirai miliyan 13.4 kafin cikinsu ya cika mako 37, wato kusan ɗaya cikin goma, kuma Nijeriya tana cikin ƙasashe biyar da suka fi yawansu. Bakwaini ba shi da kitsen da zai riƙe masa ɗumi, sanyi kaɗan yana iya kai shi lahira, kai kuma yana cikin wuraren da zafin jiki ya fi fita. Akwai hanyar renonsu da aka fara a Bogota ta ƙasar Kolombiya a 1978, inda a lokacin babu isassun kwalaben reno: a manna jariri a ƙirjin uwarsa fata da fata, a ɗaure, a lulluɓe. A wannan hanya suturar da ake sa masa 'yar kaɗan ce, nafkin da hula da safa. Biyu daga cikin ukun nan aikinku ne. Hular kasuwa kuwa ta yi wa irin waɗannan kawuna yawa, tana zamewa ta rufe fuska. Sai an yi musu tasu.

Mu yi addu'a. Ya Ubangiji Allahnmu, kai ka san mu tun muna cikin iyayenmu mata, ka yi kowannenmu dabam, ka kuma yi haƙuri da girmanmu. Mun gode maka saboda 'ya'yan da ka damƙa mana amana. Ka gafarta mana inda muka matsa musu da awon waɗansu, da inda muka sake su saboda ƙyuya ko tsoro. Ka ba mu idon da zai ga kowane yaro yadda ka yi shi, da hikimar barin masa wurin girma. Ka sa albarka a hannuwan masu saƙa da masu ɗinki, ka ba su sabuwar dabara da kasuwa mai albarka. Ka ta'azantar da masu jiran haihuwa. Ka tsare jariran da aka haifa a daren jiya, musamman ƙanana da marasa ƙarfi. Muna roƙo cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.

Kafin hunturu ya kankama, shugabannin zumuntar mata su tura mutum biyu ɗakin haihuwa mafi kusa, su tambayi ma'aikatan jinya girman hulunan da suke bukata da irin zaren da suka yarda da shi. Ku dawo da awon, ku raba aikin a tsakaninku, ku wanke kayan kafin ku kai, ku kuma bayar ba tare da tambayar addinin uwa ko ƙabilarta ba.